Rabin Kitso a Rijiyar Kalgo

Na manta da abubuwa da yawa na zamanin aiki, har da sunayen wasu shugabannina, amma ban taɓa mantawa da safiyar da na fara ganin jar tsaga ba. Motarmu ta sarbis, wato ta ma'aikatarmu, ta tsaya a bakin rijiyar wani ƙauye da ake kira Rijiyar Kalgo, a hanyar Tasawa zuwa Kona, don direba ya zuba wa inji ruwa. Ƙananan 'yan mata sun sunkuya suna jan guga, rana ta ɓullo ta bayansu, sai na ga tsagar kitson kowace tana ƙyalli ja, kamar an bi ta da zaren alharini. Wata ƙarama mai wushirya ta ɗago ta yi mani dariya. Ita ce Tsahara, ba ta wuce shekara bakwai ba. Na ce a raina, kai, Allah Ya yi kwalliya a nan. Ban san abin da nake yabo ba.

Ku 'yan baya da kuke aikin lafiyar iyali yau da babura da wayoyi, bari in gaya muku yadda namu yake. Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da gujiya, wadda mutanen kudu ke ce wa gyaɗa, take sarauniyar ƙasar Maradi. Da kaka buhunanta ake tarawa a bakin kasuwa har su kare maka ganin gari. Ni kuwa na gama lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, aka ba ni horo na 'yan watanni, aka ɗauke ni mai wayar da kan mata. Mu uku muke fita turne, wato zagayen ƙauyuka. Babbanmu shi ne Mushe Abdu, wato Malam Abdu da Faransanci, malamin likita, dattijo mai zafin baki da sanyin hannu. Sai Isuhu, malamin gona. Sai ni Zainabu, ƙaramarsu a muƙami da shekaru, wadda ma'aikata ke kira Madmazel, mutanen ƙauye kuma 'yar lakwal.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Idan mun isa gari sai mu gaida maigari. Mushe Abdu ya buɗe akwatinsa a zaure ya duba marasa lafiya. Isuhu ya tara magidanta a gindin itace ya yi musu bayanin noma. Ni kuma in shiga gidaje in yi wa mata maganar tace ruwa da abincin yaye. Kowa da ɓangarensa, ba mai leƙa na wani, kuma idan mun koma Tasawa kowa daban yake kai bayaninsa wurin shugaban sarbis.

A shekarar aka fara raba garin iri a yankinmu. Wani jan gari ne a ƙananan ƙunshi, ana cuɗa shi da irin gujiya kafin shuka don kada ƙwari su cinye shi a cikin ƙasa. Da gangan aka sa masa jan launi, don kowa ya gane irin da aka cuɗa ba na ci ba ne. Isuhu ke raba shi, kuma na sha jiyo muryarsa ta saman danga yana nanatawa: guba ne, a wanke hannu da sabulu, a binne takardarsa, kada yaro ya kusance shi. Magidanta su amsa, "To, malam, mun ji."

Isuhu kenan. Yanzu da na tsufa jikokina kan sayo mani 'yan littattafan soyayya a kasuwa, ina karantawa ina murmushi, don masoyan ciki sun cika surutu. Mu ba mu taɓa ce wa juna komai ba. Dogo ne, baƙi, yana magana a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a baki. A bayan mota muke zama, shi can, ni nan, akwatin garin iri a tsakaninmu. Idan mota ta faɗa rami hannun rigarsa ya gogi kafaɗata, sai ya ce, "Gafara, Madmazel," ni kuwa in yi ta roƙon Allah Ya ƙara wa hanyar Kona ramuka. Rigarsa ta kaki tana da wani wari mai ɗaci, warin garin nan da ya kama ta. Ba wari ne mai daɗi ba. Amma nasa ne, don haka hancina ya haddace shi.

Da muka koma Rijiyar Kalgo ruwan farko ya sauka, an fara shuka. Muka tarar da zauren maigari cike da iyaye mata riƙe da yara. Amai, ciwon kai, jiri, har an ce biyu sun yi jijjiga. Mushe Abdu ya dudduba. Babu zazzaɓi mai zafi, babu wuyan da ya sanƙare. Ya cire tabarau ya dube mu.

"Abin da ya ɗaure mani kai, duk 'ya'ya mata ne. Ko namiji ɗaya babu. Wane irin ciwo ne wannan mai zaɓe kamar mai neman aure?"

Maigari ya ce ai abin a fili yake, mutanen ɓoye ne na rijiya, tunda mata ke ɗiban ruwa. An yi turare, an yi sadaka, ana jiran sauƙi. Mushe Abdu bai yi masa musu ba. Ya ce yau a nan za mu yini, sannan ya juyo wurina.

"Madmazel, shiga cikin gida ki buɗe ido. Abin da suke ci, abin da suke sha, inda suke kwana."

Na bi gida-gida har azahar ban samu komai ba. Tuwo ɗaya yara maza da mata ke ci, randa ɗaya suke sha. Matan kuma sun ƙi sakin baki, don a lokacin nan idan 'yar lakwal ta cika tambaya sai a ɗauka gwamnati ce ke neman mai laifi. Sai na yi shawarar in je a yi mani kitso, don wurin kitso ne hira ke kwance zane. Wannan dalili ɗaya kenan. Na biyun, washegari kasuwar Tasawa ce, kuma ina so wani mutum ya gan ni da jar tsaga.

Makitsiyar garin ita ce Inna Delu, kakar Tsahara, tsohuwa mai ƙarfin yatsu da kaifin harshe. Na same ta a inuwar rumbu da mata uku suna sussukar zance. Ta cire mani ɗankwali ta riƙe haɓa.

"Ke 'yar lakwal, wanga gashi ne ko sheƙar tsuntsu? Karatun ne ya shanye miki man kai?"

"Inna, irin na Tsahara nake so."

"Iye! Wa za a kashe da shi? Direba ko malamin gona?"

Matan suka fashe da dariya, ni kuwa na yi maza na kifa fuska a cinyarta don kada su ga idona. Daga nan na tambaye ta ina Tsaharar take.

"Ƙawar tawa na ɗaka, wai kanta ke ciwo. Jiya na sake mata sabon kitso, na ce ko ƙwarƙwata ce ke damunta, na ƙara mata mai da yawa."

Ta yi ta tsagawa tana kitsawa har ta gama ɓangaren dama. Na ji ta miƙa hannu ta jawo wani abu, ta buɗe. Sai warin ya zo mani. Na ɗauka Isuhu ne ya shigo gidan, ga ni kai ba ɗankwali. Na ɗago da sauri in rufe kai. Babu kowa a bakin danga. Ƙoƙo ne kawai a hannun Inna Delu, cike da man shanu, jawur.

"Inna, mi kika sa a cikin man nan?"

"Ragowar garin iri ne, ɗana ya rage. Abin da ya kashe ƙwarin ƙasa, ƙwarƙwata ce za ta gagare shi? Ga shi kuma ya ƙawata tsaga. Har daga Kona ake aiko mani yara."

"Ba a gaya muku guba ba ne?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "Wa zai gaya mana, ɗiyata? Maganar gona a gindin itace ake yin ta."

A nan komai ya warware mani. Yara maza aski ake yi musu ƙwal, ba ruwansu da man kitso. Ban gama tunanin ba sai ihun uwar Tsahara ya fito daga ɗaki. Yarinyar ta sandare, idanu sun juye, tana jijjiga.

Ban san lokacin da na fita ba. Na keta gari a guje, ba takalmi, ba ɗankwali, rabin kai a kitse rabi a tsaye, na faɗa tsakiyar taron maza a gindin itace, abin da mace ba ta yi. Dattawa suka hau salati. Isuhu ya miƙe da ƙunshin gari a hannunsa. Na nuna ƙunshin na ce, "Shi ne. A kansu yake." Na ga fuskarsa ta sauya kamar an kashe fitila.

Mushe Abdu ya iso da akwatinsa ya yi wa Tsahara allurar da za ta kwantar da jijjigar. Ya sa aka tuɓe mata riga, aka kawo sabulu da ruwa mai yawa. Amma man shanu ne a cikin kitso mai tsauri, ruwa na zuba yana zamewa. Ya ce babu lokacin kwancewa, a yanke gashin, kuma da almakashi, ba aska ba, don kada a ji mata rauni gubar ta samu ƙofa. Uwar ta ɗora hannu a ka. Inna Delu ta shiga tsakani.

"Gashin da na raina tun tana goye? Ɗiya mace ta yi yawo da kai kamar tulu?"

Mushe Abdu ya sassauta murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Inna, gashi yana tsirowa. Yarinya ba ta tsirowa."

Can tsohuwar ta miƙa hannu ta karɓi almakashin. "Hannun da ya ɗaura, shi zai sauke."

Ta bi kitson ɗaya bayan ɗaya tana yankewa, suna faɗowa a kan zanenta, hawaye na bin haɓarta, ba ta goge ba. Aka wanke kan har kumfa ta daina ja. Mushe Abdu ya ɗauki Tsahara da uwarta da kakarta a mota zuwa likitar Tasawa, wato asibiti. Ni da Isuhu ya bar mu da umarni ɗaya: kada rana ta faɗi da sauran jar tsaga a garin.

Wannan yammacin yana cikin raina har gobe. Aka haƙa rami nesa da rijiya don ruwan wankin. Mata suka zauna a jere, kowace da yarinya a tsakanin ƙafafu, suna kwance kitso. Isuhu ya tuɓe hula ya kama guga, ya yi ta ja har tafukansa suka yi kanta suka fashe. Da magidanta suka ga haka, sai kunya ta kama su, suka shiga layin ɗaukar ruwa. Ni ina bi da sabulu ina duba kowane kai. Da aka gama, Isuhu ya zo ya tsaya nesa kaɗan da ni, yana kallon jar kumfar da ke nutsewa a ramin.

"Na gaya musu, Madmazel. Wallahi kullum ina gaya musu."

"Na sani. Ina jiyo ka."

Ya juyo ya dube ni. "Yaya aka yi kika gane?"

"Launin ne."

"Launin ai kowa ya gani. Ni ma na gani a bakin rijiya."

Da a littafi ne, da a nan zan faɗa masa. Na kalli ƙasa na ce, "Allah ne Ya nuna." Ya gyaɗa kai.

Tsahara ta yi kwanaki a likita tsakanin rai da mutuwa. Inna Delu na zaune a bakin ƙofa, ba ta ci, ba ta magana. Kullum kafin in shiga ofis sai na biya. Wata safiya na tarar an taru a bakin gadon. Yarinyar ta buɗe ido ta nemi fura, sannan ta shafa kanta ta ce, "Kaka, wa ya sace mani gashi?" Tsohuwar ta yi dariya da kuka a haɗe har aka fitar da ita waje.

Shugaban sarbis ya tara mu a ofishinsa. Shawararsa ita ce a kira masu gari a ja musu kunne. Na nemi izinin magana. Na ce masu gari sun riga sun ji, magidanta ma sun ji, maganar ce ba ta wuce zaure ba, alhali garin ya wuce. A cikin gida ake cuɗa iri, a cikin gida ake ajiye ragowa. Na roƙi a koya mani duk abin da Isuhu ke faɗa wa maza, ni kuma in kai wa makitsa.

"Makitsa?" in ji shugaba. "Su da suka jawo abin?"

Mushe Abdu ya ce, "Ranka ya daɗe, mace na iya tashi daga taro ta ce tuwonta zai ƙone. Amma wadda aka kitsa wa rabin kai ba ta da inda za ta. Sai dai Madmazel."

Aka yi dariya, har da Isuhu a karo na farko tun ranar. Shugaba ya ce a gwada.

Sai dai Inna Delu ta rantse ta bar kitso. Ta cusa tsinkenta a jikin danga ta ce hannun da ya kusa kashe jika bai cancanci kan ɗiyar kowa ba. Na yi lallashi har na gaji. Wadda ta karya rantsuwar ita ce Tsahara. Ta zaro tsinken ta ajiye a cinyar kakarta ta ce, "In gashina ya fito, wa zai yi mani? Ko so kike in tabbata tulu?"

Daga nan inuwar rumbun nan ta zama makaranta. Da zarar mace ta kifa kai, sai Inna Delu ta fara: "Sunkuya ki ji, ba labari aka ba ni ba, ni na yi. Ƙwaryar cuɗa iri daban take. Ki ɗana mata wuta a baki don ki gane ta, ki rataye ta can sama a rumbu, ita da fura har abada. In kin taɓa garin, sabulu kafin nono. In yara za su bi shuka, ki cika musu aljihu da soyayyar gujiya mai tsabta, don yaro ba ya riƙe gujiya bai kai baki ba. Gwangwanin maganin ƙwari kuwa, komai kyansa, a huda shi a binne, ba moɗa ba ne." Idan an tambaye ta ƙwarƙwata fa, sai ta ce, "Sabulu, matsefi da haƙuri. Da su uwata ta raine mu." Ranar kasuwa mukan ɗauke ta a mota har Mayahi ta zauna da makitsan can. Abin da zan yini ina bayani a kalle ni kawai, ita a kitso ɗaya take gama shi.

Kitsona kuwa ba ta ƙarasa ba. Duk lokacin da na tuna mata sai ta ce, "Ajiye shi. Sai ranar aurenki da malamin gona."

Da damina ta zagayo aka sauya wa Isuhu wurin aiki zuwa arewa, wajen Issawane. Tun bayan abin nan ya koma ajiye garin a rufaffen akwatin ƙarfe, yana wanke rigarsa kullum. Ranar da ya zo sallama ya tsaya kusa da ni a bakin ofis, na ja numfashi, babu komai sai ƙamshin sabulu. Na yi murna, don aikinmu ne ya ci. Na kuma ji kamar an kwashe wani abu daga ɗakina. Ya ce, "Sai wata rana, Zainabu." Ranar ce kaɗai ya kira sunana. Daga baya shekarun fari suka zo, sarautar gujiya ta faɗi, ma'aikata suka warwatsu. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na gode Allah. Labarinsa bai sake iso ni ba.

Abin da aikin nan ya koya mani shi ne, uwar da ta shafa wa ɗiyarta guba ba ƙiyayya ta sa ta ba, so ne ya rasa sani. Kuma duk gargaɗin da ya tsaya a zaure bai shiga gida ba. Idan kun je ƙauye, ku tambayi kanku a hannun wa abin yake ƙarewa, sannan ku nemi wurin da mai hannun take zama ta saki jiki.

Bayan na bar aiki, kaina ya yi fari, na je suna a Mayahi. Mai jego ta ce sai an gyara mani kai, aka kai ni wurin makitsiyar da ake ji da ita a unguwar. Mace ce babba, da furfura a gefen kunne. Ta yi mani dariyar maraba, na ga wushiryar. Na kifa kai a cinyarta. Tana fara tsefewa ta soma: kwalbar maganin feshi ba ta kwana a ɗakin yara, jarkar da ta ɗauki guba ba ta ɗaukar ruwan sha. Daga nan ta gangaro kan labarin kanta, da kakarta marigayiya, da wata 'yar lakwal da ta ruga cikin maza da rabin kitso.

"Da ba ta ɗago kai ba ranar nan, Hajiya, da wani ne ke yi miki kitson nan. Abin da ba wanda ya sani har yau, yadda aka yi ta gane."

Fuskata na cikin zanenta na ce, "Wari ne. Warin rigar wani."

Yatsunta suka tsaya. Ina jin numfashinta a kan ƙeyata. Wani ɗigo mai ɗumi ya sauka a tsagata.

"Madmazel," in ji ta a hankali, "wane ɓangare Kaka ta bari?"

"Hagu."

Ta juya kaina a cinyarta, ta ɗauki tsinke, ta fara daga nan.